Gwajin ruɗin ido tsakanin 'yan ci-rani da haifaffun Legas: ta ina zan fara?

Ummi_Akoka

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aikin gwaji a fannin halayyar ɗan'adam. Ina karatun digiri na biyu a nan Legas, kuma abin da nake so in gwada shi ne ruɗin ido na Müller-Lyer: layuka biyu masu tsawo ɗaya, a yi wa ɗaya kan kibiya a kowane ƙarshe, ɗayan kuma a buɗe masa ƙafafu waje, sai ido ya rantse cewa na biyun ya fi tsawo. An ce wannan ruɗi ba ya kama mutanen karkara kamar yadda yake kama mutanen birni. Mu kuwa ga abin gwadawa a ƙofar gida: ga 'yan ci-rani da suka sauka Mile 12 wata biyu ko uku da suka wuce, ga Hausawan Agege da Idi-Araba da aka haifa a nan.

Shirina shi ne in ɗauki mutum 20 daga kowane ɓangare, in nuna musu hoton a waya, in tambaye su wanne ya fi tsawo. Bayan nan in cike musu takardar tambayoyi ta manyan halaye biyar da masana fannin suka kasa halin ɗan'adam a kansu, wadda zan fassara zuwa Hausa da kaina, don in ga ko halin mutum yana da alaƙa da yadda ruɗin ke kama shi. An kuma ba ni shawarar in ƙara gwajin Stroop, inda mutum ke faɗin launin tawadar kalma maimakon ya karanta ta, don auna mayar da hankali.

Shin wannan tsari zai yi? Mutum 40 sun isa? Kuma wace takardar halaye ce ta fi dacewa da mutanenmu? Wata huɗu nake da shi na tattara bayanai. Na gode.

Malam_Garba_Yaba

Wa alaikumus salam, Malama Ummi. Batun mai kyau ne, amma yadda kika tsara awon ba zai ba ki abin rubutawa ba. In kika nuna hoto kika ce wanne ya fi tsawo, kusan kowa mai buɗaɗɗun ƙafafun zai nuna, ɗan Mile 12 da ɗan Agege duka, in banda wanda ya taɓa ganin hoton a Facebook, shi kuma ya ce miki ai daidai suke alhali idonsa ba haka ya gani ba. Abin da kike nema shi ne girman ruɗin a milimita ga kowane mutum, ba "e" ko "a'a" ba.

Hanya mafi arha ita ce mutum ya daidaita layin da hannunsa, kuma ba ta buƙatar wuta ko data. Ki samu farin kwali mai kauri ki yi masa aljihu kamar ambulan, sannan ki yanka wani siririn kwali da zai riƙa shiga yana fita cikin aljihun. A fuskar aljihun ki sa layi mai milimita 100 da kan kibiya a ƙarshensa biyu, ki bar kan kibiya na biyu ya tsaya daidai bakin aljihun. Layi na biyu yana kan siririn kwalin, ya ɗora daga inda na farko ya tsaya, a ƙarshensa kuma ki sa buɗaɗɗiyar ƙafa. Kin ga kan kibiyar tsakiya yana wa layukan biyu aiki. In an ja kwalin layi na biyu ya ƙara tsawo, in an tura ya ragu. A baya ki manna rular takarda, yadda ke za ki karanta lamba shi kuma ba ya gani.

Kowace ƙafa ta zama milimita 30, a karkace da digiri 30 daga jikin layin, kaurin layi milimita 1. Waɗannan lambobi ba ado ba ne. Duk sa'ad da aka tsuke kusurwar ƙafa ruɗin na ƙaruwa, in aka buɗe ta zuwa digiri 90 sai ya tafi, haka ma tsawon ƙafar yana canja shi. Saboda haka kwali ɗaya za ki yi amfani da shi ga kowa, ko kwalaye masu awo ɗaya sak. Ki buga zanen da firinta, kada ki zana da hannu, kuma ki sa rula ki auna bayan an buga, domin firinta kan rage girman shafi da kanta in ba a kashe mata wannan saitin ba, sai ki tarar 100 ɗinki ya koma 96 ba ki sani ba.

Nisa daga ido zuwa kwali santimita 57. A wannan nisa santimita ɗaya na ɗaukar kusan digiri ɗaya na gani, shi ya sa masu wannan aiki suke son lambar. Ki yanka igiya mai wannan tsawo ki riƙa gwadawa, kwalin kuma a jingine shi a miƙe yana fuskantar mutum, ba a kwance kan tabarma ba.

Daidaitawa sau ɗaya ba awo ba ne. Mutum yakan tsaya kusa da inda ya faro, don haka rabin lokuta ki fara masa da layin ya yi tsawo ƙarara, kamar 130, rabi kuma a gajarce, kamar 70. Rabin lokuta layin da ake ja ya kasance a dama, rabi a hagu, ki juya kwalin kawai. Wannan na dama da hagun ya fi muhimmanci a wajenki, domin an nuna cewa ɓangaren da mutum ya saba fara karatu yana ɗan taɓa yadda yake raba layi gida biyu, ke kuma za ki haɗu da waɗanda allo suka fi sabawa da shi, daga dama zuwa hagu, da waɗanda boko ne ya rene su. Ɓangare biyu, mafari biyu, kowanne sau huɗu: daidaitawa 16 ke nan. Ki rubuta jerinsu a cakuɗe tun daga gida.

Sai wani kwali na biyu na layuka zalla, ba ƙafafu, ɗan tsinke a tsaye kawai a ƙarshensu da tsakiya. Wannan sau 8. Da shi za ki gane kuskuren mutum na yau da kullum wanda ba ruwansa da ruɗi. A ce matsakaicin mutum a kwalin ruɗi 84 ne, a na layuka zalla kuma 98, ruɗinsa milimita 14 ne, ba 16 ba. Wanda kuma a layuka zalla yake ba ki 80 yanzu, 115 an jima, bai gane aikin ba ko ba ya gani sosai. Ki sa wa kanki doka a rubuce kafin ki fara, misali duk wanda matsakaicinsa a layuka zalla ya kauce da fiye da milimita 10 a cire shi, kada ki jira sai kin ga sakamako ki fara zaɓe.

Abu biyu da ke ɓata wannan gwaji. Na ɗaya, ruɗin yana raguwa in mutum ya daɗe yana kallo yana kai ido gefe da gefe, an san haka tun farkon ƙarni na 20. Kada ki bari wani ya yi minti guda yana nazari wani kuma ya yi daƙiƙa uku. Ki ce da kowa ya bi abin da idonsa ya ba shi, in ya wuce daƙiƙa 15 ki tunasar da shi. Na biyu, hannu. Ma'auna da teloli da 'yan kasuwar da suka saba awo za su kai yatsa su yi taƙi. A hana, cikin raha.

Dakta_Hauwa

Malam Garba ya gama da awo. Ni kuma ƙanwata bari in taɓa tushen maganar, don kada ki shiga da tabbacin da masu fannin su kansu ba su da shi.

Maganar ta samo asali ne daga aikin Segall da Campbell da Herskovits, wanda ya fito a 1963 sannan a littafi a 1966. Sun aika da ɗan littafin zane-zane zuwa al'ummomi da dama, yawancinsu a Afirka, suka kwatanta da mutanen Evanston a Amurka. Mutanen Evanston sai an ƙara wa layi kusan kashi ɗaya cikin biyar kafin su ga ya yi daidai da ɗan'uwansa, mutanen San na hamadar Kalahari kuwa kusan ruɗin bai taɓa su ba. Bayaninsu shi ne duniyar kafinta: wanda ya tashi cikin ɗakuna da tituna da tebura masu kusurwa huɗu, idonsa ya koyi ɗaukar karkatattun layuka a matsayin lungun ɗaki ko gefen gini, sai ya riƙa gyara tsawo ba da saninsa ba. Daga baya an sami makamancin haka a wani ruɗin daban, na Ebbinghaus, inda da'ira ke ƙanƙancewa a ido in manyan da'irori sun kewaye ta. Himba na karkarar Namibiya ba ya kama su sosai, kuma binciken 2012 ya nuna cewa waɗanda suka zauna a garin Opuwo, har ma da waɗanda suka ziyarce shi kawai, ya fi kama su. Wannan shi ne aikin da ya fi kusa da naki.

Amma akwai abin da ke ɗaya gefen. A Indiya an gwada yaran da aka haifa da yanar ido aka yi musu aiki bayan sun girma, rahoton ya fito a 2015, kuma cikin awa 48 da buɗe idonsu ruɗin Müller-Lyer ya kama su. Yaushe suka koyi kusurwar kafinta? Ruɗin yana fitowa in an shafa layin da yatsa ido a rufe, yana fitowa in an maye gurbin ƙafafun da da'irori, an kuma same shi a tattabaru. Saboda haka wasu masana suna ganin bambancin da aka samu a da ya fi alaƙa da yadda aka yi gwajin. Ki rubuta gabatarwarki a matsayin tambaya da ba a gama ba.

Sannan ki duba ko rabon naki ya hau kan mutanenmu. Ginin Bahaushe na gargajiya, soro da zaure da katanga, ai mai kusurwa ne a wurare da yawa, ga masallaci, ga ginin bulo da kwano da ya cika ƙauyuka yanzu, ga waya a aljihun kowa. Ɗan ci-ranin da ya fito daga gari mai kasuwar mako a Jigawa ba daga duniyar da ba kafinta ya fito ba. Wanda ya tashi a ruga cikin bukka daban ne. Kuma a Legas duk wanda ya sauko daga Arewa Bahaushe ake ce masa, ko Bafulatani ne, ko Babarbare, ko Bazabarme daga Nijar. Maimakon ki raba mutane gida biyu kawai, ki rubuta wa kowa: harshensa na farko, inda ya yi shekarunsa goma na farko da irin ɗakin da ya tashi a ciki, watannin da ya yi a birni in an haɗa duk zuwansa (da yawa wannan ne ranin su na biyar ko na shida, ba baƙi ba ne), shekarun boko, shekarun makarantar allo, da irin wayar da yake riƙe da ita. Boko ne babban abokin gabarki a nan. In 'yan Agege duk sun gama sakandare 'yan Mile 12 kuma ba su shiga aji ba, duk bambancin da kika samu ba ki da bakin cewa na birni ne. Dole ki nemo haifaffun Legas masu ƙaramin boko da sababbin zuwa masu sakandare. Akwai su, sai dai neman yana da wahala.

Shekaru su tsaya tsakanin 18 da 40, domin daga wajen arba'in ganin kusa ke fara rauni. Ki gwada idon kowa da allon harafin E mai juyawa, wanda mutum ke nuna inda ƙafafunsa suka fuskanta da yatsa, ba sai ya iya karatu ba. Ɗan birni mai matsalar ido wataƙila yana da tabarau, ɗan ci-rani galibi bai taɓa zuwa a duba shi ba. 'Yan ci-rani kusan duk maza ne, don haka ko ki tsaya a maza zalla a ɓangarorin biyu, ko ki tabbatar kin samu mata a kowane ɓangare.

Kalmar umarni ma a kula da ita. In kika ce "wanne ya fi girma" ko kika bar maganar a dunƙule, wani zai haɗa da ƙafafun ya auna zanen gaba ɗaya. Ki ce "daga nan zuwa nan", kina nunawa da tsinke, a kan kwalin koyo. Su Segall sun yi layukan da ake kwatantawa da ja, ƙafafun kuma da baƙi, saboda wannan matsala. Kina iya yin haka, sai dai ki san bambanta launi yana ɗan rage ruɗin, don haka ga kowa ko ba ga kowa ba. Ki rubuta umarnin kalma da kalma ki riƙa karantawa, kada ki yi wa ɗan Agege da Turancin buroka ɗan Mile 12 kuma da Hausa.

Shawarata mafi girma: ki ƙara ruɗin tsaye da kwance, inda layin tsaye ke fin na kwance tsawo a ido alhali ɗaya suke. A kansa hasashen su Segall a juye yake, wato mutanen fili, masu ganin ƙasa ta miƙe har bakin sama, shi ya fi kama su fiye da waɗanda daji ko gine-gine suka toshe musu hange. In mutumin Sahel ya fito da ƙarami a ruɗi na farko da babba a na biyu, ba wanda zai ce miki rashin gane umarni ne. Ki yi shi da siffar L, ba T a kife ba, domin a T layin tsaye yana raba na kwance biyu, wannan kuma wani ruɗin ne daban da zai cakuɗe da wanda kike nema.

Kafin komai, takardar amincewa daga kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku, sannan ki bi ta wajen Sarkin Hausawan unguwa ko shugabannin sashen kasuwa. Ki nemi ɗaki mai haske da za a shiga ɗaya bayan ɗaya. A bakin rumfa 'yan kallo za su taru suna cewa "ƙara, ƙara, ya isa", wanda ya fito kuma zai gaya wa na baya sirrin. Bayanin cewa layukan daidai suke ki ajiye shi sai ranar da kika gama da wurin.

Abu_Sadik

Malama, a kan mutum 40 amsar ita ce a'a, kuma gara a faɗa miki yanzu.

Fara da kwatanta ɓangarori biyu. Da mutum 20 a kowane gefe, bambancin da kike da kyakkyawar damar kamawa, wato 80 cikin 100, sai wanda ya kai kusan 0.9 a ma'aunin Cohen, wanda ake auna girman bambanci da shi. Wannan ƙaton bambanci ne. Matsakaicin bambanci na 0.5 yana buƙatar mutum 64 a kowane gefe, 128 ke nan. Ki sauke G*Power, manhajar lissafin yawan mutanen da gwaji ke buƙata, kyauta ne, ki sa lambobin da kanki ki gani.

Alaƙa da hali ta fi wannan tsada. A binciken bambancin mutane, alaƙar da aka fi samu tana wajen 0.2. Don kama 0.3 kina buƙatar mutum kusan 85, don kama 0.2 kusan 194. Da 40, in kika samu 0.2, gaskiyar tana iya kasancewa ko'ina daga −0.12 zuwa 0.48, wato ba ki san ko akwai alaƙar ba ma. Sannan ma'aunai ba su da cikakken aminci, wato ba sa ba da sakamako ɗaya sak in an maimaita awon, kuma rashin amincin yana cin alaƙar. Lissafin tun Spearman ne, 1904: a ninka amincin ma'aunai biyun, a ɗauki tushen murabba'i, a ninka da alaƙar gaskiya. A ce alaƙar gaskiya 0.3 ce, awon ruɗi yana da aminci 0.7, takardar hali 0.6. Abin da zai bayyana a bayananki 0.19 ne, kin koma neman mutum sama da 200. Ƙari a kan haka, halaye biyar sau ruɗi biyu gwaji goma ne, kuma ko da babu wata alaƙa ko kaɗan, damar ɗaya ya fito da tauraro, wato lissafi ya nuna kamar akwai alaƙa, ta kai kusan 40 cikin 100. Daga nan ake samun kundayen da ke cewa masu surutu sun fi ganin layi daidai.

Stroop ki ajiye shi gaba ɗaya. Gwajin ya dogara ne da cewa karatu ya zame wa mutum jiki har ba ya iya ƙin karantawa: an rubuta "ja" da koren tawada, bakinsa na so ya ce kore, idonsa ya riga ya karanta ja. Wanda bai iya boko ba ba abin da zai ja shi, sai ya fito a lissafinki a matsayin gwanin mayar da hankali. Ga kuma sunayen launi, wani ya ce kore wani tsanwa, wani rawaya wani ruwan ɗorawa. Ko a wajen masu karatu ma, aikin Hedge da abokansa na 2018 ya nuna matsala: irin waɗannan gwaje-gwaje suna fitowa a kan kusan kowa, wanda shi ya sa suka yi suna, amma ba su cika jera mutane a jeri ɗaya ba in an maimaita bayan makonni, sai an yi zagaye masu yawan gaske. Gwajin da ke kama kowa daidai wa daida ba shi da abin bambanta Audu da Tanko.

Shi kansa awon ruɗin ki duba amincinsa. Ki raba daidaitawa 16 ɗin gida biyu, kowane rabi ya samu dama da hagu da mafari biyun daidai, ki nemo alaƙar rabi da rabi, ki gyara da Spearman-Brown: ninki biyu na alaƙar, a raba da ɗaya haɗe da ita. In 0.6 ce ta zama 0.75. Ki kuma sake gwada mutum 25 ko 30 bayan mako biyu. Ki karɓi lambar waya biyu, domin ɗan ci-rani yana iya bin motar tumatir ya koma gida gobe.

Takardar halaye kuma, fassararta aikin kundi ne mai zaman kansa. A 2013 an gwada mai tambayoyi 44 a kan al'ummar Tsimane ta Bolibiya, halaye biyar ɗin ba su fito ba, biyu aka samu. A 2019 an duba bayanan ƙasashe 23 masu ƙarami da matsakaicin arziki inda aka yi tambayoyin baki da baki, nan ma tambayoyin ba su taru inda ake tsammani ba. Dalilan za ki gan su da idonki. Akwai ɗabi'ar amsa "haka ne" ga duk abin da baƙo mai takarda ya faɗa, sai mutum ya yarda shi mai yawan magana ne ya kuma yarda shi mai shiru ne. Akwai abin da ba a faɗa a gaban mace baƙuwa: wa zai ce shi rago ne, ko yana yawan tsoro? Tambayar da a can take auna rashin son shiga mutane, in kika fassara ta da kawaici ko kunya ta koma yabo, kowa zai karɓa. Tambayar son kiɗa da zane, wadda ake auna buɗewar tunani da ita, a nan tana iya auna matsayin mutum a kan kiɗa ta fuskar addini. Bahaushe kuma yana da nasa rabon hali, irin wanda Kirk-Greene ya tattara a kan mutumin kirki a 1974: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima, adalci. Ki gwada cusa haƙuri ko mutunci cikin akwatuna biyar ɗin ki ga yadda suke fin ƙarfin akwati ɗaya.

In dole sai an sa, ki ɗauki tambayoyin IPIP, wani rumbun tambayoyin auna hali, ba su da haƙƙin mallaka. Mutum biyu su fassara kowa shi kaɗai, a daidaita, na uku da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci a kwatanta. Sannan ki karanta wa mutum 10 irin waɗanda za ki gwada, kowace tambaya ki ce ya faɗa miki da bakinsa abin da ya fahimta. Amsa mai hawa biyar ba ta zama a kunne, ki raba ta biyu: "haka kake ko ba haka kake ba?", sannan "sosai ko kaɗan?". Tambayoyin da aka juya su zama rabi, amma da kishiyar kalma, ba da "ba… ba" ba, don kore magana a kan korarriya yana rikita mai sauraro. Gajeriyar takardar halaye mai tambayoyi goma kada ki taɓa ta, biyu ga kowane hali ba su jure fassara.

Ra'ayina dai, taura biyu ba ta taunuwa, balle uku a wata huɗu.

Ummi_Akoka

Allah ya saka da alheri, Malam Garba, Dakta, Malam Abu Sadik. Na cire Stroop, takardar hali kuma zan kai maganar cire ta ga malamin da ke duba aikina. Zan nemi 64 a kowane gefe da ruɗi biyu. Saura abu ɗaya: ana iya ce mini kwali ya zama tsohon yayi, in yi a na'ura. In haka ta faru, waya ko laftof?

Malam_Garba_Yaba

Laftof, kuma guda ɗaya ga kowa. Kada ki tura wa mutane mahaɗi su yi a wayoyinsu, kowace waya da faɗin allonta da haskenta, kuma layuka biyu na milimita 100 a jere da ƙafafunsu sun fi tsawon allon waya. PsychoPy, manhajar tsara irin waɗannan gwaje-gwaje, kyauta ne kuma yana aiki ba intanet. A saitin allo ki sa masa faɗin allonki a santimita da nisan 57, ki zaɓi santimita a matsayin ma'auni, sannan ki ɗora rula a kan allo ki tabbatar. In ba rula a kusa, faɗin katin ATM milimita 85.6 ne. Ki kashe hasken da ke sauya kansa da tsimin batir, domin in an ɗauke wuta allo kan dushe a tsakiyar gwaji.

Tunda ba saurin amsa kike aunawa ba, jinkirin na'ura bai dame ki ba. Abin da zai dame ki shi ne sabo. Ɗan Agege zai danna maɓalli hankali kwance, wanda bai taɓa taɓa laftof ba zai tsaya da wuri don tsoron ya ɓata miki kaya, wannan kuma zai shiga lambarsa kamar ruɗi ne. Maganinsa maɓalli biyu kawai, ki manna musu takarda mai launi, kowace dannawa milimita ɗaya, a yi koyo sau huɗu a kan layuka zalla kafin a fara. Kada ke ki riƙa danna masa yana cewa tsaya, kin san ɓangaren da ya fito kuma kin san abin da kike fata, hannunki zai nuna.

Ki tafi da kwalin duk da haka. Ki gwada mutum 10 na farko da na'ura da kwali duka, biyar su fara da wannan biyar da wancan. In lambobin sun bi juna, ranar da batir ya mutu a Mile 12 ba za ki dawo hannu rabbana ba, sai dai ki rubuta a gaban sunan kowa da wanne aka auna shi.